Mudun da Ake Auna Ɗalibai da Shi

Ku sani ɗan kasuwa ba ya karɓar hatsi sai ya duba mudu. To, jarrabawar shiga jami'a ita ma mudu ce, da ita ake auna ilmin 'ya'yanmu.

A Nijeriya hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke riƙe da wannan mudu. Yaro yakan amsa tambaya 180 a fanni huɗu, iyakar maki 400.

Masana ƙididdiga sun gindaya wa irin wannan awo sharuɗɗa uku. Na farko tabbata: in an sake gwada yaro da waɗansu tambayoyi masu nauyi ɗaya, makinsa ya zo daf da na farko. Na biyu dacewa: a bi sawun waɗanda aka ɗauka, a ga ko masu maki da yawa su ne suka fi ƙoƙari a jami'a. Na uku adalci: in ɗan birni da ɗan ƙauye ilminsu ɗaya, amma wata tambaya ta fi ka da ɗan ƙauye, to aibin na tambayar ne, sai a fid da ita.

Ko an cika sharuɗɗan nan, awo ba ya rasa ɗan kuskure. Kowace tambaya tana da amsa huɗu, mai canki-canki zai dace da kamar ɗaya cikin huɗu. Saboda haka tsakanin mai 199 da mai 201 ba lalle ne akwai fifikon ilmi ba.

Wani lokaci kuwa mudun kansa ke huda. A 2025 fiye da yaro miliyan ɗaya da rabi suka kasa kai maki 200, aka yi ta zargin yara da lalaci. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana cewa tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ta shafi yara 379,997, aka sake musu jarrabawa.

Don haka ya kamata hukuma ta riƙa bayyana wa jama'a gwargwadon kuskuren awonta kowace shekara. Uba kuma kada ya kira ɗansa daƙiƙi saboda awo guda. Allah ya sa mu dace, amin.