Ƙwallon golf: yadda ɗan wasan sha'awa zai zaɓi wanda ya dace da shi

Duk wanda ya fara zuwa filin golf, ko a Mont Fébé da ke Yawunde, ko a Achimota da ke Akara, ko a Yamai, abin da yake fara lura da shi shi ne ƙwallo ba ya daɗewa a hannu. Sanda sau ɗaya ake sayenta ta yi shekaru, jaka ma haka, amma ƙwallo da safe yana aljihu, kafin azahar yana cikin tafki ko ƙarƙashin ƙaya. Shi ya sa tambayar wane ƙwallo za a saya ta fi damun mai wasa don sha'awa fiye da ƙwararren da kamfani ke ba shi nasa kyauta. Dozin guda na irin wanda manyan 'yan wasa ke bugawa, kamar Titleist Pro V1, ya haura dalar Amurka 50 a Amurka, wato kusan jaka 30 na sefa, kafin a ɗora kuɗin dako da na fito. Dozin na ƙwallo mai sauƙi kuwa ana samunsa a rabin wannan kuɗi ko ƙasa da haka.

Tsadar ƙwallo tsohuwar matsala ce a wannan wasa. Har zuwa wajajen 1848, a Sikotilan da fata ake ɗinka shi a cusa masa gashin tsuntsu, kuma gwanin maɗinki bai fi ya yi uku ko huɗu a yini ba. Sai da aka fara yin sa da ƙaron wani icce na yankin Malesiya sannan farashi ya faɗi, masu ƙaramin ƙarfi suka samu shiga.

A ido, ƙwallayen yau duk kamanninsu ɗaya, kuma doka ce ta sa haka. Hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, R&A da ke garin St Andrews da USGA ta Amurka, sun ƙayyade cewa nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, faɗinsa kuma kada ya gaza milimita 42.67. Sun kuma sa iyaka ga saurin tashinsa da nisan da zai kai a injin gwaji. Saboda haka babu ƙwallon da dokar wasan ta amince da shi da zai tsere wa saura da tazara mai yawa, ko da me aka rubuta a jikin kwali. 'Yan ramukan nan da ke jikinsa, waɗanda yawanci sukan kai 300 zuwa 400, su ne ke rage jan da iska ke yi masa, su taimaka masa ya tsaya a sama. Da sumul yake, da wajen rabin nisan kawai zai kai. Amma yawansu ba abin da mai saye zai tsaya ƙirgawa ba ne.

Bambancin yana ciki

Idan aka tsaga ƙwallo mai araha, sashi biyu za a gani: babbar ƙwaya ta roba, da ɓawo mai tauri na wata roba da aka fi sani da Surlyn, wadda kamfanin DuPont ya fitar a shekarun 1960. Wannan ɓawo yana da juriya, dutse da ƙarfe ba sa saurin cin sa. Ƙwallo mai tsada kuwa yana da sashi uku kamar Pro V1, ko huɗu kamar Pro V1x, ko biyar kamar TP5 na kamfanin TaylorMade, kuma an lulluɓe shi da siririn ɓawo mai laushi na yuretan. Kusan duk ƙarin kuɗin da mutum ke biya, wannan ɓawon yake saya.

Amfaninsa yana bayyana ne a bugun kusa da rami. Gajerun sandunan ƙarfe da ake ɗaga ƙwallo da su suna da fuska mai kwanciya, da tsage-tsage a jikinta. Idan irin wannan fuska ta dace da ƙwallon, sai ɓawon mai laushi ya matsu tsakanin tsagin ƙarfen da sashi mai tauri da ke ƙarƙashinsa, ƙwallon ya tashi yana juyi da baya kamar katantanwa. Da ya sauka a lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sai ya yi tsalle ɗaya ko biyu ya cije. Mai ɓawo mai tauri juyinsa bai kai haka ba, don haka in ya sauka sai ya ci gaba da gangarawa. A bugun farko kuwa, da doguwar sanda, ƙarfin bugun yana ratsa ɓawon ne ya kai ga ƙwayar ciki, kuma a nan ƙwallayen biyu ba sa juyi da yawa. Haɗa waɗannan halaye biyu a ƙwallo guda shi ne ya sa lokacin da Pro V1 ya fito a wata gasa a Las Vegas cikin watan Oktoban 2000, gomman ƙwararru suka koma kansa a mako ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu, Billy Andrade, ya lashe gasar.

To, amma abin da ya amfani ƙwararre ba lalle ne ya amfani ɗan koyo ba. Ƙwararru maza sukan kaɗa doguwar sanda da gudun da ya haura kilomita 180 a awa, matsakaicin ɗan wasan sha'awa kuwa wajen 150. Tazarar da ke tsakaninsu a nisa daga nan ta samo asali. Idan mutum ɗaya ya buga ƙwallo mai tsada da mai araha da doguwar sanda, bambancin 'yan mitoci ne, wani lokaci ma mai arahar ne zai wuce. Juyin da yuretan ke bayarwa kuma sai bugu ya fita tsaf ake samunsa. Wanda sandarsa ke fara cin ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo, ko ta shafi samansa, ba zai ga komai daga kuɗinsa ba.

Ma'aunin farko, ke nan, shi ne ƙwallo nawa mutum ke zubarwa a zagaye guda na ramuka 18. Dozin na jaka 30 yana nufin kowane ƙwallo ya tashi a sefa 2,500. Mai zubar da biyar a rana ya bar 12,500 a daji, ban da kuɗin shiga fili da na mai ɗaukar jaka. Akwai kuma wata asarar da ba a ƙirgawa: wanda ya tsaya gaban tafki da ƙwallo mai tsada hannunsa kan ƙage saboda tsoron rasa shi, kuma hannu a ƙage shi ke aika ƙwallo cikin ruwa. In ya ɓace a ciyawa, tun 2019 doka minti uku kacal ta ba da na nema, daga nan sai a koma inda aka buga a sake, da tarar bugu ɗaya. Ga mai irin wannan wasa, ƙwallo mai sashi biyu shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Sai ya kai matsayin da zai gama zagaye da ƙwallo ɗaya ko biyu, kuma ya fara ganin cewa kyakkyawan bugunsa yana sauka kusa da tuta amma ya zarce, sannan lokacin gwada yuretan ya yi.

A wace ƙasa ake wasa?

Wannan tambaya tallace-tallacen Turai da Amurka ba sa yin ta, domin su a wajensu filin golf kore ne shar daga farko har ƙarshe. A filaye irin na Akara ko Abijan ma akwai ciyawar da ake ba ruwa ana aske ta a kewayen rami, kuma duk abin da aka faɗa game da juyi yana aiki a can. A yankin Sahel labarin daban ne. A filayen Wagadugu da Yamai, da wasu irinsu, ruwa bai isa a shayar da ciyawa ba, don haka kewayen ramin yashi ne da aka cuɗa da mai, ana share shi a daidaita kafin a tura ƙwallo. Tsakanin ramuka kuwa ƙasa ce tsagwaronta, sau da yawa da tsakuwa ko marmara, har 'yan wasa kan riƙa yawo da guntun tabarmar ciyawar roba suna ɗora ƙwallo a kai.

A irin wannan fili, babban dalilin sayen yuretan ya kau. Yashi shi da kansa yake tsayar da ƙwallo, mai juyi ne ko marar juyi. Sannan ɓawon mai laushi ba ya shiri da marmara: sauka biyu ko uku a kan tsakuwa sun isa su kankare shi, kuma ƙwallon da jikinsa ya ƙuje sosai ba ya tashi yadda aka tsara shi. An ce araha ba ta ado, amma a nan mai arahar ne ke gama zagaye da kyan gani. Launi ma abin dubawa ne. Ƙwallo ruwan ɗorawa yana fita sosai a koren ciyawar damina, amma da kaka ta wuce ciyawa ta bushe sai ya saje da ita. Mai ruwan goro kuma jan ƙasa yana haɗiye shi. Fari ya fi amana da rani, muddin ana goge masa ƙura. Wanda ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, yau a Yamai gobe a Abijan, babu laifi ya ajiye iri biyu, kowanne da filinsa.

Batun tauri da laushi

Masu sayarwa suna yawan ambaton wata lamba da ke nuna yadda ƙwallo ke matsuwa idan an buge shi. Masu laushi sosai, irin su Callaway Supersoft, tasu tana wajen 40, na ƙwararru kuma daga wajen 85 zuwa 100 da 'yan kai. Akan ce mai sanyin bugu ba zai iya matsa ƙwallo mai tauri ba, don haka dole ya sayi mai laushi in yana son nisa. Maganar an yi mata gishiri. Haɗuwar sanda da ƙwallo wajen rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take ɗauka, kuma ko bugun dattijo yana matsa ƙwallon. Abin da laushi ke sauyawa da gaske shi ne yadda ake jin bugun a tafin hannu da ƙarar da yake yi, sai kuma ɗan rage juyi. Rage juyin kan ɗan sassauta lanƙwasar ƙwallon wanda bugunsa ke karkata dama ko hagu, amma ba ya warkar da ita. Wannan aikin mai koyarwa ne. Wanda ya ji daɗin mai laushi ya ɗauka, kada dai ya sa rai da ƙarin mita 20.

Su kansu kamfanonin ba su haɗu a kan hanyar zaɓe ba. Bridgestone ya fi dogara da auna gudun doguwar sanda, Titleist kuwa yana cewa a fara daga kusa da rami a dawo baya. Ga ɗan wasan sha'awa shawara ta biyu ta fi ma'ana, domin doguwar sanda ba ta wuce fitowa sau 14 a zagaye, alhali mafi yawan bugun ana yin sa ne daga mita 100 zuwa bakin rami. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A sayi ƙaramin kwali mai ƙwallo uku na iri biyu ko uku, a je filin da aka saba wasa, a buga kowanne daga mita 20, da 40, da 70, a ga inda yake sauka da inda yake tsayawa. Daga nan a tura shi zuwa rami daga nesa da kusa. Doguwar sanda ita ce ta ƙarshe, kuma yini ɗaya bai isa yanke hukunci ba.

Da yawa daga cikin 'yan wasa a wajen masu ɗaukar jaka suke sayen ƙwallayen da aka tsinto, kuma wannan hanya ce mai kyau ta rage kashe kuɗi in an iya dubawa. Wanda ya tsage, ko launinsa ya dushe alamar ya daɗe a ruwa ko a rana, a bar shi. Waɗanda aka sake wa fenti aka buga musu suna sabo su ne abin tsoro, don ba a san abin da fentin ya rufe ba. Ƙwallayen wurin atisaye masu zane a jiki kuma don juriya aka yi su, wasunsu ma da gangan aka rage musu nisa.

Illar tsintuwa ita ce jaka takan cika da iri goma daban-daban. Mutum ya buga mai tauri a rami na uku, mai laushi a na huɗu, sannan ya rasa dalilin da ya sa bugu iri ɗaya yau ya tsaya gobe ya zarce. Hannu yana koyon nisa ne ta maimaici, kuma ba zai koya ba idan ƙwallon na canzawa kullum. Ko tsintattu za a saya, a tsaya a kan iri ɗaya, a kuma sa masa alama da alƙalami marar gogewa, domin buga ƙwallon wani bisa kuskure tarar bugu biyu ne a gasar ƙirga bugu.

A tsakiyar rami, doka ta yarda a canza ƙwallon da ya tsage ko ya yanke a lokacin wasan ramin, amma ƙujewa ko kankarewar fenti ba ta isa hujja ba. Wanda marmara ta ci wa ƙwallo a bugun farko, da shi zai ƙarasa ramin, sai ya isa wurin bugun farko na rami na gaba ya ciro wani daga jaka.