Ƙungiyar da ke Auna Bakin Fulogin Amurka

A shagon mai gyaran kayan wuta a Sabon Garin Kano ba a rasa irin wannan baƙon: dutsen guga ko injin markaɗe da wani ya kawo tsaraba daga Amurka. Fuloginsa mai ƙafa biyu fala-fala ya ƙi shiga soket ɗin gida. Aka sa adafta, aka kunna, sai hayaƙi da ƙaurin roba. Mai gyara ya kife shi, ya nuna wa mai kaya ɗan rubutun da ke gindinsa: 120V. Wutar Najeriya kuwa 230 ce.

Ƙarfin wutar daban, bakin fulogin ma daban, kuma wannan bakin yana da suna da lamba. Mai ƙafa biyu shi ne NEMA 1-15, mai ƙarin ƙafa ta uku zagayayya kuma NEMA 5-15. Ɗan Najeriya da ya ji NEMA, hankalinsa zai tafi ga hukumar agajin gaggawa mai kai buhunan shinkafa bayan ambaliya. Wannan wata ce dabam: Ƙungiyar Masu Ƙera Kayan Lantarki ta Ƙasar Amurka, wadda aka kafa a 1926 bayan haɗewar wasu ƙungiyoyi biyu na masu sana'ar. Ofishinta yana Arlington a jihar Virginia, tsallaken kogi daga Washington, kuma kamfanoni sama da 300 ne a cikinta. Gwamnati ba ta da hannu a mallakarta, kuɗin mambobi ne ke tafiyar da ita.

Me zai tara kishiyoyi a ɗaki ɗaya? Wahala ce ta tara su. A farkon zuwan lantarki gidaje, a mazaunin ƙwan fitila ake murɗa wayar dutsen guga. A 1904 Harvey Hubbell ya yi rajistar fulogin da ake cusawa a zare, daga nan kowane kamfani ya fito da nasa fasali. Mai gida ya sayi fanka daga wannan, soket daga wancan, su ƙi haɗuwa. Mai shago kuma dole ya tara iri-iri, jarinsa ya kwanta. A ƙarshe masu masana'antun suka gane cewa ruɗanin yana rage musu ciniki su duka, gara a zauna a yanke faɗin ƙafa da tazarar da ke tsakani, sannan kowa ya koma ya yi takara a kan inganci da farashi.

Inda aikin ya fi fitowa fili shi ne motar lantarki, wato injin nan da ke juya famfon ruwa da injin niƙa. Ƙungiyar tana da kundi mai suna MG 1 da ya tsara girman jikin kowace mota. Idan farantin da ke manne a jikinta ya ce 56, to daga ƙasa zuwa tsakiyar sandar da ke juyawa inci uku da rabi ne, kaurin sandar kuma kashi biyar cikin takwas na inci, ramukan ƙusoshin ɗauri suna inda aka ce su kasance. Motar ta ƙone da tsakar dare a masana'anta, sai a ciro ta kowane kamfani mai lamba ɗaya a ɗaura, ba sai an kira mai walda ya huda sabon rami ba. Duk wanda ya taɓa yini a kasuwa riƙe da ƙonannen ƙarfe yana neman daidai da shi ya san darajar wannan.

A 2001 ƙungiyar ta ƙara wani mataki, ta fito da tambarin NEMA Premium ga motocin da ba sa ɓarnar wuta. Ba ƙaramin abu ba ne, domin motocin lantarki ke shanye sama da kashi 40 cikin 100 na wutar duniya. Da farko ganin dama ne, sai dokar makamashi ta Amurka ta 2007 ta ɗauki ma'aunin ta mai da shi tilas ga yawancin motocin masana'antu daga ƙarshen 2010.

Hannunta ya kai har asibiti. A shekarun 1980 injin hoton ciki na kamfani ɗaya ba ya iya karanta hoton na wani. A 1983 ƙungiyar ta kafa kwamiti tare da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, suka fitar da tsarin farko a 1985, wanda ya zama DICOM a 1993. Faifan hoton da ake miƙa wa majiyyaci a Kano ya kai wa likita a Alƙahira ko Indiya, ya buɗe a kwamfutar can ba gardama, wannan yarjejeniyar ce a bayansa.

Ƙungiyar tana kuma tattara alƙaluman ciniki daga mambobi don kowa ya san inda kasuwa ta dosa.

Sai dai ya kamata a riƙa tuna mai biyan kuɗin. Ƙungiyar bakin masu masana'anta ce a gaban majalisa da kotu, kuma wani lokaci muradinsu da na mai saye suna raba hanya. Da jihar Vermont ta yi doka a 1998 cewa a rubuta gargaɗi a kan fitilun da ke ɗauke da sinadarin zaiba, ƙungiyar ce ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ƙi goyon bayanta a 2001. Hukuncin ya yi daidai, domin mai jefa fasasshiyar fitila a shara yana da haƙƙin sanin abin da ke cikinta.

Akwai haɗari mafi girma a duk inda 'yan takara suka saba da juna. A 1959 hukumar wutar kwarin Tennessee ta lura kamfanoni daban-daban suna kawo mata farashi iri ɗaya a takardun neman kwangila da ake cewa sirri ne. Bincike ya tono cewa manyan jami'ai na haɗuwa a ɓoye a ɗakunan otal suna raba kwangila. A 1961 kotu a Philadelphia ta ci tarar kamfanoni 29, ciki har da General Electric da Westinghouse, ta ɗaure jami'ai bakwai kwana 30. Shi ya sa a yau irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka ke da ƙa'ida mai tsauri: a taronsu ana maganar inci da ƙarfin wuta, maganar farashi kuwa haramun ce, sau da yawa ma lauya na zaune yana saurare. Gwajin kaya ma ba a bar wa NEMA ba. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu irin UL ke yi, dokar jan waya a gine-gine kuma tana hannun ƙungiyar kare gobara.

A Najeriya wannan aiki ya rabu gida biyu. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da aka kafa a 1971, tana da sashen kayan lantarki, masu ƙera waya kuma sun daɗe suna kuka kan jabun waya mai ƙarancin jan ƙarfe da ke zafi ta tayar da gobara. Tsara ma'auni kuwa na hukumar SON ne. Fulogin da aka fi sani a ƙasar, mai ƙafa uku da fis a cikinsa, gadon Ingila ne na 1947. Mai tafiya daga Katsina zuwa Maraɗi zai tarar da soket mai zagayayyun ramuka irin na Faransa, dole adafta ta shiga jakarsa tun daga gida.