Masu Shuka a Jarkar Madara Cikin Ƙanƙara

A arewacin Amurka da Kanada, ƙasa kan daskare a watan Janairu har fartanya ba ta kama ta. A daidai wannan lokaci ne wasu masu lambun bayan gida ke fara shuka, kuma ba a kunya suke yi ba, a cikin jarkokin madara da aka shanye.

Jarkar ta roba ce mai cin galan ɗaya, wato kusan lita 4, irin wadda haske ke ratsawa. Sai a huhhuda gindinta don ruwa ya tsiyaye, a yanka ta a tsakiya a zagaye, a bar ɗan wuri ƙarƙashin mariƙi don ta riƙa buɗuwa da rufuwa. A zuba ƙasa mai laima kamar inci 4, a yafa iri, a rufe, a naɗe wurin yankan da salatif. Murfin kuwa shara ake kai shi, domin ta bakin nan ne ruwan sama da dusar ƙanƙara za su shiga, zafi ya fita. Daga nan sai a jera su a tsakar gida a juya musu baya. Ba ban-ruwa, ba leƙe, har wata biyu ko uku.

To sanyin ba zai kashe irin ba? Shi ake nema ma. Ƙwayoyin itatuwa da furannin ƙasashen sanyi da yawa ba sa tsirowa sai sun sha makonni cikin sanyi da laima. Akwai sinadarin da ke riƙe ƙwayar cikin barci, sanyi ne ke rage shi a hankali. Da za ta tsiro da kaka, ƙanƙarar farko ce za ta gama da ita, don haka take jira sai hunturu ya wuce ta kanta. Ƙwayar tuffa ma haka take: takan so wata biyu zuwa uku a sanyi, shi ya sa masu renonta ke naɗe ta a tsumma mai laima su sa a firji. Wanda ya san binne, inda manomi ke zuba gero a busasshiyar ƙasa ya bar wa ruwan farko aikin tada shi, ya riga ya gane dabarar.

Wata mata ce a jihar New York, Trudi Davidoff, ta yayata wannan hanya wajen shekarar 2000. Iri ya yi mata yawa, gida kuma ƙarami, babu inda za ta jera tirori da fitilun reno. A 2006 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta shigar da hanyar cikin kundin kalmomin aikin gona na ɗakin karatunta. Ba kowace dabarar bayan gida ke samun wannan gata ba.

Yawancin masu wannan hanya ba sa fara shuka sai bayan 21 ga Disamba, ranar da dare ya fi tsawo. Tumatir da sauran masu son zafi kuwa sai Maris ko Afrilu.

Cikin abin da aka fi shukawa har da wata ciyawa mai farin ƙaro, 'yar uwar tumfafiya. A kanta kaɗai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙi ke yin ƙwai, wanda ke tashi daga Kanada ya yi dubban kilomitoci zuwa duwatsun Michoacan a Meziko ya yi hunturu a can. Ciyawar tana raguwa a gonaki, sai ga jarkar madara ta zama gatan ƙwaro.

A Ontario da Quebec kuma madara a leda ake yawan sayar da ita. Mai son wannan shuka a can sai ya koma ga jarkar ruwa ko ta binega.

Rufe tsiro a cikin kwalba ba yau aka fara ba. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya rufe ƙwaro da 'yar ƙasa a kwalba, sai ya ga tsiro ya fito yana rayuwa ba mai ba shi ruwa, domin tururi na hawa gilashi ya koma ƙasa. Akwatin gilashin da ya ƙera daga nan ne aka ɗauki dashen shayi a ciki daga Sin zuwa Indiya, da na itacen roba daga lambun Kew na Landan zuwa Silon a 1876.

A Michigan kuwa, Farfesa William Beal ya binne kwalabe 20 cike da yashi da ƙwayoyin ciyawa a 1879, don ya ga iya shekarun da iri zai yi bai mutu ba. Da aka tono ɗaya a 2021, wasu ƙwayoyin sun tsiro. Saura kwalabe huɗu a ƙasa.

Abin dariyar shi ne, ba sanyi ne ke yi wa masu jarka ɓarna ba, wasu abubuwa biyu ne. Na farko rubutu ne: tawada takan koɗe a rana, bazara ta zo mutum na da jarka talatin bai san wace ce kabeji ba. Na biyu zafi: rana ɗaya mai ƙarfi a Afrilu, in an manta ba a buɗe jarkar ba, sai a tarar da tsiron ya dahu. Don haka in kana Kano ko Maraɗi ka ga hotunan jarkokin nan sha'awa ta kama ka, ka yanke saman jarkar gaba ɗaya, ka kai ta inuwa.