Diyyar Wanda Aiki Ya Naƙasa, Da Hanyar Ɗaukaka Ƙara In An Rage Masa Mudu

 Wannan bayani ne zuwa ga malamai da fatake da masu kantuna, a kan haƙƙin ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aikinsa har wata gaɓa tasa ta naƙasa: yadda ya ke neman diyya, da abin da zai yi in an auna naƙasarsa awon bai cika ba.

Wanda ya fito birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ya bi ta Tudun Wada, ba zai yi nisa ba zai iske Kongo. A nan ne aka kafa makarantar koyon aikin akawu a 1947, wadda ta zama makarantar koyon sha'anin mulki a 1954. Bayan Gwamnatin Jihar Arewa ta kira taron masana shari'a a 1958, a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, sai aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotuna a Kongo ana karantar da su sababbin dokoki. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 makarantar ta shiga ƙarƙashinta, har yau kuwa a nan a ke karatun lauya da na shari'ar Musulunci. Abin mamaki, ba nisa da katangar wannan gida na doka akwai yaran injin niƙa da na walda da na tsaga katako da na buga bulo. Injin kan cinye wa ɗayansu yatsu, ya naɗe hannu da tsumma, a kai shi asibiti a ɗinke, ya koma gida ya zauna, bai san doka ta ajiye masa kome ba.

Auna gaɓar ɗan Adam ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanci Risala ko Muhtasar. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 ga ma'abuta zinariya, ko dirhami 12,000 ga ma'abuta azurfa. Hannu ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabi, ido ɗaya rabi. Kowane yatsa raƙuma 10, babban yatsa da ƙarami ba bambanci. Haƙori raƙuma 5, raunin da ya bayyana ƙashin kai shi ma 5, wanda ya huda ciki kuwa sulusin diyya. Raunin da ba a yanka masa adadi ba, shi a ke yi wa hukuma, watau kimantawa, ba hukumar gwamnati ba. Malaman da suka yi lissafi da abin da ke zamaninsu: a ƙaddara mutumin bawa ne, a yi masa kuɗi yana lafiyayye, a sake yi masa kuɗi da aibin, abin da ya ragu a ɗauki gwargwadonsa daga diyya. Bauta ta wuce, amma hanyar lissafin ta saura, gama kusan ita likitan yau ke bi in ya ce wane ya rasa kashi kaza cikin ɗari na ƙarfinsa.

Akwai hukunci biyu a mazhabar Imamu Malik da ya kamata mai neman diyya ya riƙe. Na ɗaya, ba a yanka wa rauni diyya sai ya warke, domin kafin warkewa ba wanda ya san inda zai tsaya. Na biyu, mai ido ɗaya in aka ɓata masa lafiyayyen idonsa bisa kuskure, cikakkiyar diyya a ke ba shi, ba rabi ba, zama ganinsa duka ne ya tafi. Ashe malamai ba tsokar da aka rasa kaɗai suka duba ba, sun dubi amfanin da ya tafi tare da ita.

Dokar ƙasa ta biyo wata hanya. Turawan mulki sun kafa dokar diyyar ma'aikata a 1941, aka sake ta a 1987. Ta 1987 ta ɗora biya a wuyan maigidan aiki, a dunƙule sau ɗaya: albashin wata 54 ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya, na wata 42 ga iyalin wanda ya mutu. Kuɗin dunƙule kuwa kowa ya san halinsa, kafin damina biyu 'yan'uwa da masu bin bashi sun raba shi. A watan Disamba na 2010 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta shafe ta 1987. Ita ta kafa asusu guda a hannun hukumar inshorar ma'aikata da a ke kira NSITF. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a wata, an kuwa hana shi cire wannan daga albashin yaransa. In tsautsayi ya auku, asusun ke biya.

Mai karatu ya lura, wannan ba diyyar fiƙihu ba ce sak. Diyyar fiƙihu tana bin wanda ya yi ɓarna, wannan kuwa ba ta tambayar laifin wa, in dai a bakin aiki abin ya faru, ko a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Amma tana kama da aƙila ta fuska ɗaya, watau dangin da ke tarayya su ɗauke wa ɗan'uwansu diyyar kuskure in ta kai sulusi, don kada nauyi ya karya mutum guda. Dokar ba ta ware ma'aikacin gwamnati da na kamfani kaɗai ba. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da ɗan koyo, da mai aikin yini, da baran gida wanda ba dangin maigida ba. Sojoji ne ta fitar. Wanda aka haifa makaho ko gurgu kuwa, ko wanda shan inna ta naƙasa tun yana yaro, ba ya cikinta. Tasa dokar ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta hana wariya, ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba ta yanka musu kuɗin wata ba. Jihar Jigawa ce ta taɓa yanka wa nata naira 7,000 a wata a 2007.

Neman diyya abu ne mai kwanaki ƙidayayyu, nan ne kuwa mafi yawan haƙƙoƙi ke mutuwa. Wanda ya ji ciwo, ko wani nasa, zai sanad da maigidan aiki cikin kwana 14, ya faɗi sunansa da lokaci da wuri da irin ciwon da sanadinsa. Maigida zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma, wadda mai ciwon zai sa wa hannu, a shigar da ita cikin shekara ɗaya. In akwai uzuri mai ƙarfi hukumar na iya karɓa har zuwa shekara uku, amma mai hankali ba ya dogara da wannan.

Mas'ala. A ƙaddara yaro mai tsaga katako a Tudun Wada, albashinsa naira 70,000 a wata, zarto ya ɗauke masa babban yatsa da manuni na hannun dama. Da ya naƙasa gaba ɗaya, doka ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, watau naira 63,000. Tun da ya ke sashe ne ya tafi, sai a kimanta abin da ya rasa na samunsa, a ba shi kashi 90 cikin 100 na wannan. In an ce ya rasa humusin samunsa, naira 14,000 ke nan, abin da zai karɓa 12,600. In an ce rabi ya rasa, 35,000 ke nan, zai karɓi 31,500. Tsakanin awon nan biyu akwai naira 18,900 kowane wata, 226,800 a shekara, alhali hannun ɗaya ne, yatsun su ne dai biyun nan. Mai gadi in ya rasa yatsu biyu yana iya ci gaba da gadinsa. Kafinta kuwa, ko tela, ko magini, in babban yatsa ya tafi sana'a ta tafi. Mai awo ɗan Adam ne, yana iya duban hannu ya manta da sana'ar mai hannun, yana kuma iya awo tun rauni bai gama nuna kansa ba, daga baya jijiya ta ƙage, sauran yatsun su sandare.

Saboda haka ne doka ta buɗe ƙofar ƙara. Wanda bai yarda da hukuncin hukumar ba, ko an hana shi ɗungum ko an rage masa, zai rubuta mata ta sake dubawa cikin kwana 180 daga ranar hukuncin. In kwanakin nan suka wuce, haƙƙin ƙara ya faɗi. Ita ma hukumar an ba ta kwana 180 ta yanke. In har yanzu bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da zama a Kaduna. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi.

Ƙara ba ta cin nasara da kuka, da hujja ta ke ci. Katin asibiti na ranar farko, da hoton ƙashi, da takardun magani, da shaidar waɗanda suka ga aukuwar abin, da abin da ke nuna adadin albashi, duka a adana su kamar yadda falke ke adana takardar bashi. In ya yiwu a nemi likitan ƙashi ya sake dubawa ya rubuta, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kada mai ƙara ya tsaya ga cewa hannu na yi masa ciwo. Ya bayyana aikin da ya ke yi da, wanda yanzu ya gagare shi: ba ya iya riƙe guduma, ba ya iya ɗaga buhu, ba ya iya zare a allura.

Sau da yawa wurin malami mai ciwo ke fara zuwa kafin ya je ofis, abin da ya kan ji kuwa shi ne ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Gaskiya ne ƙaddara ce, haƙuri kuma wajibi ne. Amma haƙuri da hukuncin Allah dabam, barin haƙƙi a hannun mutane dabam. Da neman diyya rashin tawakkali ne, da malaman fiƙihu ba su ɓata tawada suna ƙidaya raƙuman yatsa da na haƙori ba. Neman a sake duba hukunci shi ma ba rashin ladabi ba ne. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa Al'ash'ari a kan alƙalanci, ya hore shi da komawa ga gaskiya in ta bayyana masa bayan ya riga ya yanke. Malamin da ya ce wa mai ciwo ya yi haƙuri, ya kyautu ya ƙara masa da cewa ya ƙidaya kwanakinsa.

Saura fatake da masu injuna, waɗanda su ne iyayen gidan aiki. Al'ada ita ce in yaro ya ji ciwo maigida ya biya asibiti, ya ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, dattawa su sa baki a ce magana ta ƙare. Alheri ne, Allah ya saka. Sai dai doka ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da maigidansa ta yafe diyyarsa ɓatacciya ce, ko da ya dangwala hannu. Maigidan da bai rubuta sunansa wurin hukumar ba, bai zuba kome ba, ya saɓa doka, ya kuma toshe wa yaronsa hanya, gama neman diyya daga asusun da ba a san maigidanka ba abu ne mai wuya ƙwarai. A kan albashin naira 70,000, abin da doka ke nema wurin maigida naira 700 ne a wata. Ofishin hukumar yana Kaduna, takardar rajista kuwa tun kafin zarto ya taɓa hannu a ke cika ta.