Haruffa huɗu, lafazi bakwai: Kalmomin Turanci da ke rikita ɗalibai a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Yankin arewa maso yammacin Jigawa ba ya rasa manyan makarantu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Sai dai ɗan Roni ko ɗan Gwiwa ba zai samu gurbi don kusanci kawai ba, galibi sai ya zo da kiredit a Turanci daga jarrabawa irin su WAEC ko NECO, sannan ya zauna jarrabawar JAMB, inda tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne.

A cikin abubuwan da ke cinye maki a irin waɗannan jarrabawa akwai wasu kalmomi masu ɗauke da haruffa huɗu iri ɗaya: o, u, g da h. A ido kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma a baki kowace da inda ta dosa.

Rukuni bakwai

Na farko su ne masu ƙarewa da sautin "af": tough, wato mai tauri, rough, mai kaushi, enough, abin da ya isa.

Na biyu suna ƙarewa da "of": cough, tari, da trough, komin da ake shayar da dabbobi.

Na uku sautin "au" ne, kamar a kalmar kyau. Biyu daga cikinsu kalmomin manoma ne: plough, garmar shanu, da drought, farin da ke ƙone gero idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Bough kuwa babban reshen bishiya ne.

Na huɗu suna ƙarewa da sautin "ou", kamar a kalmar Turanci go: though, ko da yake, da dough, kwaɓin fulawar da mai burodi ke murzawa.

Na biyar ita ce through, ma'ana ta cikin wani abu, wadda ke ƙarewa da dogon "u".

Na shida suna da dogon "o" kafin t: bought, ya saya, brought, ya kawo, thought, tunani, fought, ya yi faɗa, sought, ya nema.

Na bakwai, a lafazin Ingila, suna ƙarewa da ɗan gajeren "a": thorough, aikin da aka yi tsaf ba a bar komai ba, da borough, gunduma.

Me ya jawo wannan ruɗani?

Yaron da ya fara karatu da Hausar boko ya saba da cewa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne. Idan ya ga "gona" ko "garma", yadda aka rubuta haka zai faɗa. Turanci kuwa ba ya cika wannan alƙawari.

Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, Turawan Ingila suna furta "gh" daga maƙogwaro, kusa da harafin kha na Larabci da almajiri ya sani a sunan Khalid. Bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, rubutun kalmomi ya riƙa tsayawa wuri ɗaya a hankali, amma bakin mutane ya ci gaba da sauyawa. A wasu kalmomin sautin ya koma "f", a wasu ya ɓace gaba ɗaya, haruffan kuma suka zauna a takarda. Jamusanci ya riƙe tsohon sautin, shi ya sa ake jin sa a kalmar Tochter, 'yar uwar daughter ta Turanci.

A Amurka an rage wa kalmar garma nauyi, ana rubuta plow. Don haka ɗalibin da ya ga wannan a wayarsa kada ya ɗauka kuskure ne.

Inda makin ke zubewa

Takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ke gwada lafazi, a rubuce ake amsa ta: tambayoyi 60 cikin minti 45. Ana iya ba ɗalibi kalmar plough, a ce ya zaɓi wadda ƙarshenta ya yi daidai da ita a sauti tsakanin rough, though, now da cough. Ido zai ja shi zuwa ukun da suka yi kama da ita, alhali amsar ita ce now.

Akwai kuma matsalar f da p. Hausa ba ta bambanta su, shi ya sa aka samu fensir, fetur da famfo. Mai wannan sabo na iya mayar da cough ta zama cop, sai tari ya koma ɗan sanda.

A rubutun insha'i kuwa, harafi ɗaya na sauya labari. Wanda ya rubuta bought yana nufin ya sayi buhun gero a kasuwar Babura, wanda ya rubuta brought kuwa kawo shi ya yi.

Dabarar riƙe su

Haddace su a jere saboda kamannin rubutu shi ne ke ƙara dagula lissafi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a haɗa kowane rukuni da wata gajeriyar kalma da aka riga aka sani: tough da stuff, cough da off, plough da cow, though da go, through da true, bought da caught.

Daga nan sai a sa kowace a cikin jimla da ta shafi rayuwar yau da kullum, kamar gona, kasuwa ko rijiya, domin ma'anar ta zauna tare da sautin. Ƙamus na waya da ke furta kalma yana taimakawa, kuma akwai waɗanda ke aiki ba tare da data ba idan an sauke su.

Kalmomi goma sha takwas ne kacal a wannan jeri. Ɗalibin da ya ɗauki rukuni ɗaya a kowace rana zai gama da su cikin mako guda, tun kafin lokacin jarrabawa ya ƙarato.