Tukunyar Iska da Injin Tururi a Gidajen Zango

Jama'a, tun annobar korona ta 2020 wata al'ada ta shigo mana Zangon Kumasi. Da hunturu ya kama, fuka ta tashi wa tsoho ko yaro, sai a tafi kanti a sayo injin tururi ko tukunyar iskar oksijin, ba takardar likita, ba awo.

To, ita wannan iska magani ce, tana da ƙa'ida. Jinin lafiyayye yakan nuna 95 zuwa 100 a ma'aunin da ake maƙala wa yatsa. Amma dattijon da taba ko hayaƙin gawayi ya cinye wa huhu, likitoci sukan tsayar da shi tsakanin 88 da 92. Kadan aka buɗe masa tukunya da yawa, gurɓatacciyar iska ta taru a jininsa, sai barci ya kwashe shi, iyali suna murna wai ya sami sauƙi, alhali kuwa suma ce take zuwa.

Injin tururi kuma, maganin Ventolin da ake zuba masa yakan sa zuciya bugawa da sauri, ya ɓoye tsananin ciwo har lokacin zuwa Asibitin Komfo Anokye ya wuce.

Sa'an nan ga wuta. Ɗakunanmu ƙanana ne, ga murhu, ga turaren wuta, oksijin kuwa hura wuta take yi. Tukunyar masu walda ma, da waɗansu 'yan kasuwa suke arowa don araha, ba domin huhun ɗan Adam aka cika ta ba.