Ƴan lakwal da tukunya: abin da zaman waje ya koya wa ƴaƴan Bune

A Bune, tsohon mazaunin sarakunan Muniyo da ke cikin gundumar Gure, madafa wurin mata ne. Yaro namiji yana noma, yana kiwo, yana ɗibar kanwa a fadama, amma ba ya taɓa muciya. Wannan al'ada ce ɗan lakwal yake ɗauke da ita har ranar da karatu ya fid da shi daga ƙasa.

Fita neman ilmi ba sabon abu ba ne ga ƴan Nijar. Diori Hamani da Bubu Hama a makarantar William Ponty ta Senegal suka yi karatu. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Ko bayan haka, gwamnati ta ci gaba da ba ɗalibai bursu zuwa Dakar, Abijan, Faransa da Tarayyar Sobiyet.

Can ne ɗalibi ya gane gaskiyar masu iya magana: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A Dakar an tarbe shi da shinkafa da kifi, a Abijan da aceke na rogo, a Mosko da dankali da kabeji. Babbar damuwa kuwa ita ce nama, domin a ƙasashen Turai Musulmi ba ya da tabbacin abin da aka zuba masa a ɗakin cin abinci. Kuɗin bursu kuma ba su isa cin kasuwa kullum. Dole ta sa ya ɗora tukunya.

Guzurin gida ya zama dukiya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da ɗan ƙullin kanwa, wadda ke sa wake ya nuna da wuri. Da babu gero, sai aka koma ga tsakin alkama. Nan ɗalibi ya koyi cewa sai an dama talge tukuna, sa'an nan a riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa. Wanda ya yi gaggawa, gudaji zai ci. Ranar Lahadi ƴan ƙasa ɗaya sukan taru a kan akushi guda, Bamange da Bazabarme da Bahaushe, ana labarin damina.

Da yawa sun komo da takardar shaida, suka ajiye muciya a bakin zaure don gudun surutun mutane. Wannan hasara ce. Ma'aikacin da aka tura ƙauye mai nisa, ko magidancin da uwargida ta kwanta ciwo, ya san amfanin abin da ya koyo.

Saboda haka ya kamata iyaye su koya wa ƴaƴansu, maza da mata, tuƙa tuwo da kaɗa miya tun kafin ranar tafiya ta zo.